Giwa a aljihun Kawu Buba

Jama'a, yau giwa ta zura hanci a aljihun Kawu Buba! Wallahi a kan idona.

Kun dai san shi, ƙanin mamanmu na Wuro Patuji, wanda duk duniyarsa shanu ne. Ni na matsa masa ya biyo mu kallon giwaye a wani gandun daji can cikin Kamaru. Tun a ƙofa mai yi mana jagora ya ce, "Kada kowa ya shiga da abinci." Muka zazzage jakunkuna. Kawu ya ce shi ba ya ɗauke da komai.

Muna tsaye a bakin tafki sai wata ƙatuwar giwa ta baro 'yan uwanta. Ta wuce ni, ta wuce matata, ta nufi Kawu! Jagora ya ce, "Baba, kar ka motsa!" Matata sai salati take yi.

Giwa ta shinshina hularsa, ta gangaro, ta cusa hanci cikin aljihun rigarsa. Kun san me ta zaro? Dunƙulen kanwar da yake ba shanunsa! Ta jefa baki ta yi gaba abinta.

Jagora ya ce, "Haba Baba, ba na ce ban da abinci ba?"

Kawu ya kakkaɓe riga ya ce, "Kanwar ce abinci? Ku ji tsoron Allah, ɗana. Kuna kiwon dabba kamar wannan, ko kanwa ba ku ba ta!"