Rakiyar da Ban Yi Ba

Abin da zan rubuta ya dogara ne a kan littafin da nake rubuta bayanin taron ma'aikata, da abin da mahaifiyata ta tuna, da abin da ni na tuna. Ban riƙe watan ba, na dai san da damina ne. Ita ta ce sau huɗu dattijon da zan ba da labarinsa ya zo gidanmu, ni uku na ƙirga.

Bayan na gama hidimar ƙasa, kawuna ya damƙa mini gidan burodinsa da ke Tudun Wada, mai ma'aikata shida. Babbansu dattijo ne mai kwaɓa fulawa, wanda ya girmi mahaifina. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Manaja.

Masu shayi ne manyan masu sayen burodinmu. Na yanke shawarar a koma yin mai laushi da zaƙi, irin wanda ɗaliban jami'a na unguwar Kongo suke so. A taron Litinin na bayyana dalilaina, na tambaya ko akwai mai magana. Littafin ya nuna na rubuta: "Babu wanda ya ƙi." Baba ya ce, "Allah ya sa alheri." Wannan ma na rubuta.

Sabon burodin yana narkewa da zarar an tsoma shi a shayi. Masu shayi suka janye ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun yi ƙorafi ba, ɗaliban kuma ba su zo da yawa ba. Kafin azumi muka kashe tanda. Ranar da na rufe ƙofar ban ji komai ba; na duba kwaɗon sau biyu na tafi gida.

A makonnin farko na canjin ne Baba ya riƙa zuwa gidanmu bayan la'asar. Mukan gaisa a zaure, ya sha ruwa, ya ce zai koma. Nakan ce ya gaida gida, ina zaune.

Bayan rufewar, Inna ta tambaye ni, "Da yake zuwan nan, ka taɓa taka masa?"

Na ce a'a.

"Kai da karatunka! Dattijo zai gyara maka magana a gaban yaranka? Ai sai a hanya, in kun fita ku biyu."

Na je Tudun Jukun na same shi a ƙofar gidansa, ba ya aikin komai. Na tambaye shi abin da ya kawo shi a lokacin.

"Gaisuwa ce, Manaja."

"Baba, ba manaja yanzu."

"To, gaisuwa ce, Malam."

Da na tashi ya rako ni har bakin titi. Na rage sauri, na jira. Ya yi maganar ruwan sama da tsadar gawayi, ya juya.

Na koyi tashi in raka baƙo. Abin da ban sani ba har yau shi ne: gargaɗi ya kawo na hana shi hanyar faɗa, ko gaisuwar ce kawai?