Kwali Goma Sha Tara da Baba Mai Hoto Ya Bar Mana

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za a tattara. Da safiyar Laraba, sha biyu ga watan Maris, ina ofis ɗiyarka ta kira ni tana kuka ta ce, "Anti, Baba ya cika." Na ajiye wayar.

Shekara talatin da huɗu ka yi kana ɗaukar hotunan jami'ar nan a Sashen Hulɗa da Jama'a. Sauran ma'aikata in sun gama da hoto sai su jefa shi a durowa. Kai kuwa kowane negetif, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga cikinsa, sai ka saka shi a ambulan ɗinsa, ka rubuta rana da wuri da sunan duk wanda ka sani a ciki, da fensir, don ka ce tawadar biro tana cin fim. Ban manta ranar da wani farfesa ya kai hannu zai ɗauki negetif da yatsu masu maiƙo ba. Ka buge hannun nan kamar na ɗan firamare, ka miƙa masa safar hannu. Wallahi har yau in mun tuna sai mun yi dariya.

Ba manya kaɗai kake rubutawa ba, Baba. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa tana neman hoton mahaifinta, direban jami'a da ya rasu tana goye, ba ta san fuskarsa ba. Mu muka ce ta yi haƙuri, wa zai ɗauki direba? Kai ka tambayi shekarar kawai, ka shiga ɗakin ajiya. Da azahar sai ga ka da hoton buɗe ɗakin karatu: ga shi can a gefe, riƙe da ƙofar mota, yana murmushi. Matar nan ta zauna a ƙasa ta rungume hoton.

Bayan ka yi ritaya wani kwamitin jami'a ya kawo doka: duk hoton da babu suna ko kwanan wata, ba za a ci gaba da ajiye shi ba, a ƙarshen wannan zangon za a zubar. Kwali sittin na shekarunka na farko, kafin ka fara rubutu, duk haka suke. Ba wanda ya roƙe ka, ka riƙa zuwa duk mako da sandarka, kana ɗaga fim a hasken taga kana faɗo sunaye, ni ina shigarwa a kwamfuta. "Mai Gaggawa," kake ce min, "rubuta a hankali, mutanen nan ba guduwa za su yi ba."

Mun gama arba'in da ɗaya. Sau uku a watan jiya na ce ka dakata sai mako mai zuwa, wai ina da taro. Taron me? Ko abin da aka tattauna ban tuna ba. Wannan abu yana cin raina, Baba, ka yafe min. Saura kwali goma sha tara cike da fuskoki, kuma wanda ya san su ya tafi.

Da na je gaisuwa, na kasa riƙe maganar, na faɗa wa Mama, mai ɗakinka. Ta share ido da gefen mayafi ta dube ni. "Ke 'yar nan, wa kike tsammani yake shanya masa hotunan a lokacin? Rabin mutanen nan a falona suka ci abinci. In na fita takaba ki kawo min kwalayen, kada ki bari a zubar masa da mutane."

Na roƙi kwamiti su ƙara mana wata shida, jiya suka amince.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ga Mama, da 'ya'ya da jikoki, da dukkan abokan aiki, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Yadda ba ka yarda an mance da ƙananan bayinSa ba, Allah kada Ya mance da kai. Amin.