Geron Gindin Dutse

Ƙauyenmu yana gabas da 'Yandoto, a gindin wani dutse da ke tare rana da safe. A can na tashi a hannun kakata, wadda kowa ke kira Inna. Idan an gama girbi, bayan sallar isha'i, takan hura wuta da karan gero a tsakar gida, ta ajiye ƙwaryar fura a gabanta. Mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ludayi ya zaga kowa.

Ni take fara tsokana. "Kai mijin banza, ko kwabon cefane ba ka ba ni ba, amma ludayinka ya fi na kowa zurfi." Sai mun gama dariya ta ce, "To ku ba ni kunnuwanku, in na gama in mayar muku."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta wani falke da ya sauka a gindin dutse, wata tsohuwa ta dama masa fura. Bai taɓa shan irinta ba. Ya roƙi irin geron ya kai garinsu ya shuka, fura ta fito lami. Ya dawo ya ɗora ƙasar gonar tsohuwar a kan jakuna, ya sake shuka, ba ta yi ba. Ya dawo ya ɗebi ruwan rijiya. Ya dawo ya sayi saniyar da aka tatsi nonon, saniya ta ci ciyawar garinsu, nono ya canza. Da ya gaji, tsohuwar ta ce masa saura ya ɗauki dutsen da ke yi wa gonar inuwa, da shanun Fulani da ke kwana a cikinta bayan girbi suna barin taki, da kaburburan waɗanda suka tsince duwatsunta da hannu.

"Sai ya yi yaya, Inna?"

"Sai ya kwance jakunansa ya zamna. Kakan kakanku ke nan. Kwaɗayi kuka gada."

A lokacin dariya kawai nake yi.

Na girma, na sami aikin gadi a Gusau, na zauna a Tudun Wada. Shekarar da noma ya gagara saboda 'yan bindiga, na je na ɗauko Inna. Kayanta kaɗan ne, amma ta ɗaure zangarniyar iri a cikin zani ta rungume har muka iso. Fulanin da muka yi shekaru muna musayar kara da taki da su, su ma sun watse. Ba mu san inda Jumma, mai kawo mata nono, ta nufa ba.

A Gusau Inna ta daina ci. Tuwo loma biyu, fura kuwa ta kurɓa ta ture. Matata ta sayo gero mafi kyau a kasuwa, ta zuba citta da kanumfari yadda Inna ta koya mata. Inna ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata, hannunki ba shi da laifi." Ta ture ƙwaryar. Kullum tana ƙara ramewa.

Da damina ta faɗi, na ari 'yar gona a hanyar Bungudu, na shuka irinta. Na zuba taki, na yi noma da kaina bayan na taso daga aiki. Ina kallon gero yana girma, ina kallonta tana raguwa, ina roƙon Allah ya sa geron ya riga ajalinta.

Ya riga. Ranar da aka dama, ni na riƙe mata ludayin. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta daɗe ba ta haɗiye ba. Sannan ta dube ni.

"Mijina, ina jakunanka?"

Na tuna da falken tatsuniyarta. Ta ce, "Ba ita ba ce. Amma akwai zufarka ciki. Ƙaro." Ta sha har ƙwaryar ta yi rabi. Haka ta riƙa sha kowace rana, har Allah ya karɓi abinsa kafin sanyi ya wuce.

Wani ɗan ƙanena yana aikin tsinkar inabi a Italiya. Ya ce mini a waya mutanen can sukan kurɓi abin da suka matse daga inabin su faɗi tudun da ya fito, har da gidan da ya noma shi. Yana ba ni labarin ne don in yi mamaki. Abin shansu ba namu ba ne, amma ban yi mamaki ba.

Har yanzu ina shuka irin Inna a gonar aro. Ni idan na sha, dutsen nake nema, ba na samu. 'Yata ƙarama, wadda aka haifa a Gusau, takan ce babu furar da ta kai ta gonar Baba, ta kasuwa kuwa ture ta take yi. Ban taɓa gaya mata ba cewa ba ita ba ce.