Karkatattun Layuka

Dogo ake ce masa a ofis, ko da yake tsawon nasa duk a wuya ya ƙare. Gina shafukan intanet ne sana'arsa, kuma tun da ya fara, a edita ɗaya yake rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi. Editar wata tsohuwar manhaja ce da ko masu ita sun manta sun haife ta.

Matarsa ce ta saita masa ita, Allah ya jiƙanta. 'Yar sana'ar ce ita ma, ta ma fi shi kai nesa ba kusa ba. Ta rubuta wani ɗan kod ta liƙa a ciki: in ya daɗe a zaune, sai saƙo ya faɗo a ƙasan allo, "Miƙe, raƙumi, kujerar ba gadonka ba ce." Rubutunta kuwa kamar sawun kaza, wannan layi ya shige ciki, wancan ya leƙo waje. Bayan rasuwarta, in kewa ta taso masa, fayil ɗin yake buɗewa ya zuba wa layukan ido. Nan sauri take yi, nan dariya ta ci ƙarfinta. Duk yana ganewa.

Sai ofis ya sauya kwamfutoci, aka ce kowa ya koma sabuwar edita.

"Yallaɓai, a bar ni da tawa mana."

"Dogo, ka ƙaura," in ji shugaban sashe, "ko mu kai ku gidan tarihi kai da ita."

Ya kwafe fayil ɗin matarsa, aka goge tsohuwar na'urar, kwafin nan kaɗai ya rage. Ya buɗe shi a sabuwar editar ya dasa. To, Dogo yana da ciwon masu wannan aiki: ko atishawa ya yi sai ya danna maɓallin ajiye aiki. Sabuwar kuwa 'yar ƙwalisa ce, da an ajiye take miƙar da layuka, ba ta tambayar uban kowa. Ya danna, aka kira shi taro, ya rufe.

Da ya dawo ya buɗe, layukan sun jeru ras kamar sojoji. Ya danna maɓallin komawa baya har yatsa ya yi tsami, amma rufewar ta riga ta shafe hanya. Shiru.

"Ai ba abin da ya ɓace," in ji maƙwabcin teburinsa. "Ya ma fi kyau. Yana aiki?"

"Yana aiki."

Ya zauna yana tura layukan ciki da waje, ko zai tuno yadda suke. Duk layin da ya karkatar, karkatarwarsa ce ba tata ba. Yana cikin haka saƙo ya faɗo: "Miƙe, raƙumi."

Bai miƙe ba. Ya kifa goshinsa a kan tebur.