Tsagin Daɓen Tsohon Direba

A duk unguwar babu wanda ya san halin siminti kamar Tsohon Direba. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma da yake ya daɗe yana faɗa, an gaji an daina musu.

Ilimin nasa daga ɓarna ya faro. Shekarar da ya ajiye tuƙi, ya sa aka zuba masa kankare daga ƙofar gida zuwa rumfar mota. Birkila ya rarraba daɓen, ya bar tsagi a tsakani, ya ce siminti ma yana miƙa idan rana ta gasa shi. Direba ya ɗauka ha'inci ne. Birkila na juya baya, Direba ya kwaɓa siminti ya toshe kowane tsagi tas. Da zafi ya kankama, daɓen ya nemi wurin miƙa ya rasa, sai ya dare a tsakiya.

Babban ɗansa, wanda motar gidan tasa ce yanzu, ya ce in ya sake darewa zai kawo masu guduma su farfashe shi a jera tubali. Direba dai ya umarci ɗan ya bar motar a waje har kwaltar da zai zuba ta bushe.

Daga nan ya durƙusa. Ya ɓamɓare abin da ya cusa da hannunsa, ya ƙwaƙule ciyawa da gidan tururuwa da wuƙar kicin, ya share, ya yanyanka robar tsohuwar taya ya danna a kowane tsagi. Sannan ya narka kwalta a cikin tukunyar da matarsa ta yi ta cigiya, ya bi ta kai.

"Maigida, gwiwar nan taka ce ko aro ka yi?" in ji ta.

"Gwiwa tana warkewa. Siminti ba ya warkewa."

"To dawo min da wuƙata. Ita ma albasa ba ta yanka kanta."

Damina ta wuce, zafi ya dawo, daɓen bai ƙara darewa ko da faɗin zare ba. Ɗan ya zagaya ya duba, ya ce, "Baba, ka yi nasara," ya janye maganar guduma. Sai ya tambaya ko zai iya shigo da motar.

Direba ya yi masa bayani a tsanake cewa babu abin da ke wahalar da tsagi kamar nauyin taya.

Kwalta ta bushe tun bara. Motar har yau a bakin titi take kwana.