Bakari da Bakin Jigon da Ya Bari

Duk wanda ya san gidan man bakin kasuwar Haɗejiya a shekarun bayan yaƙin basasa ya san Bakari. Shi ne dogon dattijon nan mai ranƙwafaffiyar kafaɗa, wanda yakan riga kowa shiga layi da galan biyu ɗaure a bayan keke, kuma ya fi kowa zagin fetur. Yana jira a zuba masa yana faɗin wai fetur mugun baƙo ne, ka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ka waiga ka tarar da shi a ɗakinka. Mutane su yi ta dariya, don ba su san mafarin zancen ba.

Manomin rani ne, daga wani ƙauye a bakin kogi, tafiyar hantsi a keke. Abin da ya gada a wurin mahaifinsa shi ne bakin jigo, wata kwanar kogi mai zurfi inda ruwa ba ya ƙafewa. Nan aka kafa turakun giginya biyu, aka gitta doguwar sanda, guga a kai ɗaya, curin yumɓu a ɗayan. Ka ja guga ƙasa, yumɓu ya taya ka ɗagawa, ka juye a magudana, ruwa ya gangara fangalin alkama. Haka Bakari ya yi tun kafin a ba da mulkin kai, daga sallar asuba har azahar, har kafaɗarsa ta dama ta koma kamar ta wani. Matarsa Fanna ce ke gasa masa ita da ruwan zafi, tana mita cewa ita dai jigo aka aura mata.

To, a wannan yankin akwai doka tun ta kakanni. Bakin jigo na mai jansa ne. In ka bar shi rani biyu a jere, bulama, wato mai garin, zai ba wa wani, kuma ba ka da bakin magana.

Shekarar da aka yi babban fari ne aka turo musu malamin gona, Malam Habila, mutumin kudancin Zariya, mai babur da fara'a. Ya zo da injin ban ruwa ɗan ƙarami, ya tayar a gaban jama'a. Ruwan da Bakari ke wuni yana ja, injin ya feso shi kafin a gama gaisawa. Tun daga ranar majalisar gindin tsamiya ta rabu biyu. Malam Habila yana cewa Allah ya ba ƙasar nan mai har ya yi mata yawa, zalunci ne a bar ɗan Adam yana aikin jaki. Tsoho Ari, wani masunci da ya fara noma da kifi ya ja baya, shi kuwa yana cewa shi bai yarda da abin da ba a shuka shi a nan ba. Giginya ga ta nan, yumɓu ga shi nan, amma man nan sai mota ta ɗauko shi daga bakin teku, ranar da motar ba ta zo ba fa? Bakari ya ce da shi ai kafaɗar da ke ciwo ba tasa ba ce, shi ya sa.

Kuma gaskiyarsa. Ya sayar da bijimansa biyu ya sayi inji, rani biyu ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. Ya yi ƙiba, yana barci ba nishi. Da yake inji na tura ruwa nesa, sai ya bar 'yar fadamar mahaifinsa ya haura tudu, ya share fili ninki huɗu. Turakun jigon ma tuge su ya yi, ya kafa wa injin rumfa da su. Fanna ta ce ya bar ko turke ɗaya a tsaye don a san wurin na da mai shi, ya ce mata zamani riga ne. Da rani na biyu ya wuce, bulama ya aiko ya tambaye shi batun bakin jigon, Bakari ya ce a ba duk mai so. Kuma wa aka ba? Ari.

Rani na uku damina ba ta yi kirki ba, ambaliyar da ke jiƙa shinkafa ma ba ta zo ba, an ce an tare kogin can sama. Rumbu fayau. Abincin gidan Bakari na shekara kaf yana kan alkamar tudun nan, fangali sittin. Ta yi kyau kuwa, har ta ɗauki ciki, lokacin da ba ta haƙurin ƙishi. Sai tankar mai ta daina zuwa.

Kwana huɗu yana zirga-zirga a keke, galan na kuka a bayansa. Wasu suka ce direbobi ne ke yajin aiki, wasu suka ce jiragen ruwa sun cushe a tasha. A rediyon mai shayi kuwa ana ta muhawara, wannan na cewa a gina matatar mai a Arewa, wancan na cewa a ƙara kuɗin man don a daina ɓarnarsa. Bakari bai damu da wanda ya fi gaskiya ba, ganyen alkamarsa ya fara naɗewa.

Rana ta shida Malam Habila ya iso a ƙafa, ya yi gumi sharkaf, da rabin galan da ya tsotso daga tankin babur ɗinsa. Ya kasa haɗa ido da Bakari. Suka tayar da inji, busasshiyar magudana ta shanye rabin ruwan, sauran ya jiƙa fangali bakwai, inji ya yi tari ya mutu. Malamin ya ce, “Baba, ni na kawo maka wannan abin.” Bakari ya ce ya daina faɗin haka, ba wanda ya kama hannunsa.

Washegari ya yi abin da ya fi masa ciwo a duniya. Ya sauka kwanar mahaifinsa, ya tarar da Ari kan sabon jigo, alkamarsa kore shar. Ya yi sallama, ya roƙe shi ruwa. Ari, Allah ya jiƙansa, bai ce masa dama na faɗa ba. Ya sakar masa igiya kawai ya ce ya ja iya ƙarfinsa, su kwashi ruwan a garwa. Bakari ya kama igiyar da ya sani tun yana yaro. Guga na farko ya hau, na biyu ya hau. A na tara kafaɗar ta ƙi, hannun ya tsaya daidai kunnensa, ko motsi. Rani uku na hutu sun cinye ƙarfin shekara talatin. Ya tsaya yana kallon hannun, hawaye na bin gemunsa, kunya da baƙin ciki sun haɗu masa. Ari ya karɓi igiyar ya ja masa, Fanna ta ɗora garwa a ka ta kama hawa tudu, taku ɗari huɗu kowace tafiya. Kwana goma suna haka, fangali goma sha ɗaya suka tsira a cikin sittin.

A wannan shekarar Fanna ta sayar da kwanonin jerenta suka ci. Da kaka ta yi, ta zaunar da shi ta ce su koma jigo ko ƙarami ne. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce ta faɗa masa inda zai kafa shi, kwana mai ruwa duk da masu ita, kogi kuma ya yi ƙasa. Sannan ya ɗaga hannun nan har inda yake tsayawa, ya bar shi a nan tana gani. 

Ranar nan aka ce tanka ta iso Haɗejiya. Fanna da kanta ta ɗauraye galan biyun, ta ɗaure masa a bayan keke, ta ce, “Malam, yi sauri kar a riga ka.”