Ka Tafi Muna Tsakiyar Faɗa

Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Mayu, Allah ya karɓi ran shugaban ƙaramar hukumarmu a asibiti, bayan ciwon da ya yi ta ɓoyewa har ya kwantar da shi. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Labarin ya same ni a ƙofar sakatariya da lasifika a hannu, domin ni ne shugaban ƙungiyar ma'aikata, kuma yajin aiki muke yi a kansa.

Yallabai, na san wasu za su yi mamakin ganin wannan rubutu daga gare ni. Su ba su san ka ba ne.

Abin da ya haɗa mu a bana ba ɓoyayye ba ne. Kason kuɗin da ke zuwa daga gwamnatin sama ya ragu, albashi yana lashe kusan komai. Majalisa ta kawo shawarar a rushe tsohuwar tashar mota a gina rukunin shaguna, sannan a miƙa sharar gari ga ɗan kwangila. Shagunan ba mu ƙi ba, garin yana bukatarsu. Amma masu shara, waɗanda yawancinsu mata ne da suka tsufa a kan tsintsiya, wasu da jikoki marayu a hannu, za su rasa aikinsu. A nan muka ja daga, kai kuma ka ƙi sa hannu, ka ƙi cewa ba za ka sa ba.

Kana da wata ɗabi'a da ban taɓa gani a wurin wani shugaba ba. Ba ka yarda a yi maganar rufe wani sashe a ɗakin taro mai sanyi. Sai dai a tashi a je wurin mutanen. Shekarar da ka rufe ɗakin buga takardu, a can ka tsayar da kansiloli cikin warin tawada, ka dubi ma'aikatan ka gaya musu da bakinka. A wancan karon kai ka yi nasara, na kuma daɗe ina gaba da kai. Sai daga baya na ji cewa kai ka yi ta yawo har ka samar wa dattijon cikinsu gurbi a wata maɗaba'a. Ba ka taɓa ɗaga maganar ba, ko a ranar da na zage ka tas a gaban jama'a.

Haka bana ma ka kai kansilolin rumfar masu shara, inda ake jingine baro da tsintsiyoyi. Babbarsu ta kifa bokiti ta ce, "Zauna, Yallabai. Kujerarmu ke nan, ba ta juyawa, amma ba ta taɓa kā da kowa ba." Ka yi dariya har da ƙwalla, ka zauna, ma'aji kuwa yana tsaye da hankici a hanci. Ka tambayi kowace mace wa take ciyarwa, ka saurara har ta ƙarshe.

Da muka fara yajin, kullum sai ka tsayar da motarka a ƙofa ka leƙo. "Abokin faɗa, ka karya kuwa? Ihu da yunwa ba ya nisa." In rana ta take, ka aiko mana da ruwan sanyi. Na sha, amma ban yarda da kai ba. Na ce dabara ce irin ta 'yan siyasa.

Da ka cika, mun naɗe kyallayenmu mun je gidanka gaisuwa. Mutane da yawa suka ce ya kamata mu janye yajin don girmama ka, ni ma zuciyata ta karkata can. Ina shirin fita sai babbar 'yarka ta ja ni gefen baranda.

"Baba ya bar maka saƙo," in ji ta. "Ya ce in ta Allah ta kasance, kada ku janye saboda shi. Ihunku ne kaɗai hujjar da yake nuna wa majalisa in sun matsa masa ya sa hannu. In kuka yi shiru, mataimakinsa ba zai sami madogara ba, matan nan kuma shi ke nan."

Kuka na yi, a gaban yarinyar da ya kamata in ba haƙuri. Duk watannin nan ina ganin ture ka nake yi, ashe jingina kake da ni.

Saboda haka ranar Litinin za mu koma ƙofar sakatariya. Masu wucewa za su ce ba mu da kunya, ƙasar kabarinka ko bushewa ba ta yi ba. Su faɗa. Ba za mu tashi ba sai matan nan sun san matsayinsu.

Allah ya jiƙan ka, Yallabai, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa tausayin da ka yi wa na ƙasa da kai ya tarye ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da 'yan uwanka, da duk ma'aikatan da suka yi aiki a ƙarƙashinka. Haka kuma ga mataimakinka da nauyin ya faɗo a kansa: Allah ya ba shi haƙurin rashinka, ya kuma ba shi haƙuri da mu.